Gudumar da Samandar ya ƙi ɗagawa

"Idan hannunka ne ya tsufa, Lala, miƙo gudumar ni in buga."

Dilawar ne ya faɗi haka, Nazim ɗinmu, wato shugaban majalisar ƙauyukanmu, yana tsaye ya dafe tebur da hannu biyu kamar teburin zai gudu. Wanda ya kira Lala, wato yaya, shi ne Samandar malamin daji, yana tsugune a bakin murhu ya miƙa tafukansa ga wuta, jakar fatar da gudumar ke ciki tana maƙale a hammatarsa. Bai ɗago kai ba. Ya ce hannunsa lafiya lau, bishiyoyin ne ba su mutu mutuwar Allah ba.

Ɗaki ya ɗauki hayaniya. Mai shagon gishiri ya ce busasshen ice busasshe ne, ko tsawa ce ta kashe shi ko tsutsa, zarto ba ya tambaya. Liman ya shiga shafa gemu yana kallon rufi, abin da yake yi ke nan duk lokacin da ake son ya ce wani abu. Sarfaraz ɗan kwangilar katako, wanda ba ɗan majalisa ba ne amma ba a taɓa rasa masa kujera ba, sai duba agogo yake yi yana leƙa sararin sama ta taga, domin gajimare ya sauko kan duwatsu, kuma kowa ya san dusar ƙanƙarar farko ita ke rufe hanya ta rufe ciniki.

Ni ina lungu a kujerar mata. Ni ce Marjana, wadda duk garinmu Zargal ke kira Abai, wato inna, har da waɗanda suka riga ni zubar da haƙora. Da gwamnati ta ce dole a sa mace a majalisa, maza suka nemi wadda ba ta da mijin da zai ji kunya, suka zaɓe ni, suna zaton zan riƙa dangwala yatsa daga gida. Ni da nake taka ƙafa har ƙauyen gaba don in ji abin da ya haɗa wance da surukarta. Ban taɓa fashin zama ba. Da yake mace ba ta zama cikin maza ita kaɗai, kullum da 'yar rakiya nake zuwa, kuma ran nan 'yar rakiyata Gulandama ce, matar Samandar. Ta ja mayafi har ƙasan hanci. Ku riƙe ta a ranku, zan dawo kanta.

Ranar ita ce rana ta ƙarshe ta Samandar a aiki. Abin da ake so da shi bai wuce hawa ɗaya ba: ya je Kurmin Kan Gari kafin la'asar, ya buga tambarin gwamnati a jikin bishiyoyin da suka bushe, a saka su a gwanjon bana, rabon majalisa ya gina mana caji ofis. Ya ce ba zai buga ba.

Karatuna na allo ne da ɗan abin da wata malamar rigakafi ta koya mini a zaure, kuma ban saba yabon namiji ba. Mijina ma, Allah ya ji ƙansa, sai bayan an rufe shi na gano ashe yana da kirki. Saboda haka ba na son in jira Samandar ya mutu. Wannan rubutu nasa ne, ko da rabin Zargal za su daina gaishe ni.

Tun ina amarya nake jin takunsa ta bayan katangata, don gidajenmu bango ɗaya ya raba. Ana sallame asuba zai kurɓi shayi, ya naɗe gurasar masara a gefen bargonsa, ya ɗauki sanda da ɗan gatari da jakar guduma, ya kama hawa. Lokacin da mu mata muke fita ɗebo ruwa ya riga ya shige cikin bishiyoyin ranzara, dogayen itatuwan katako masu ƙaro da ke dutsenmu, sai dai ka ji tarinsa daga sama. Aikinsa shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda iska ta kayar, wadda tsawa ta tsaga, wadda tsufa ya busar da ita a tsaye, sai ya ɗan fere gindinta da gatari, ya ɗaga guduma ya buga. A bakin gudumar akwai tambari. Wadda ta sha guduma ita ake yi wa gwanjo bayan girbin masara. Gungumen da ba shi da tambari kuwa na sata ne, ko wa ya sare shi. Ɗanyen ice an hana saransa tun shekarar babbar ambaliya, don haka matattu kawai ake sayarwa, kuma ɗan rabon da ake ba majalisa a cikin cinikin shi ne duk abin da muke da shi. Da shi ake gyara gada, da shi ake facin bututun ruwa, da shi Nazim ke sayen sabuwar hula. Ke nan duk kwarinmu bakin wannan guduma yake kallo, kuma tun gashin Samandar yana baƙi har ya koma kamar audugar katifa, ba ta taɓa sauka a kan bishiya mai rai ba.

Ba don ba a gwada shi ba. Wannan da idona na gani. Wata shekara ana gab da ƙaramar salla, sai ga jaki a ƙofar gidansu da keken ɗinki sabo fil, wai gaisuwar Sarfaraz ce ga uwargida. Gulandama ta yi ta shafa shi kamar jariri. Kafin azahar mun taru mu shida muna kallo, ta zare zare, ta yanka yadi, ta fara ɗinka wa ɗansu Rahimdad riga. Ta gama hannu ɗaya ke nan Samandar ya dawo daga daji. Bai yi faɗa ba. Ya tambayi wanda ya aiko, ya cire yadin a hankali ya miƙa mata, ya ɗaure keken da igiya, ya goya shi a baya, ya gangara da shi har Bakin Gada, tafiyar yini guda, ya ajiye wa Sarfaraz a gaban shagonsa ana kallo. Gulandama ba ta yi masa magana ba sai da aka yi babbar salla. Rigar nan mai hannu ɗaya tana nan cikin akwatinta har yau, ta nuna mini.

A Miragai, ƙauyen da ke ƙetaren rafi, malamin dajinsu na wancan zamani hannunsa ba shi da nauyi. Sun sayar da kurmin da ke saman gidajensu, suka yi rufin kwano, suka yi bukukuwa, mu muna nan muna jin haushi. Bayan 'yan shekaru aka yi ƙanƙara mai yawa, sai dutsen ya sako ta gaba ɗaya, babu abin da zai tare ta. Da hantsi ne. Mun ji ƙarar daga nan, kamar ana mirgina duwatsun niƙa a sama. Samandar na cikin waɗanda suka fara isa, kuma shi ne na ƙarshen dawowa, da yatsun ƙafa biyu da suka yi baƙi, daga baya wanzami ya cire su. Na yi iyakar dabarata in ji abin da ya gani, ni da nake fitar da magana daga bakin kurma, amma abu ɗaya kawai ya faɗa mini: ya tono wata mata a gaban murhunta, ƙullin gurasa na hannunta.

Mu namu kurmin yana nan, daidai saman rufin gidajenmu, inda dutse ya fi tsayuwa. Kakanninmu sun yi masa doka tun kafin a san gwamnati: ba a ɗaukar ko reshe a cikinsa sai katakon rufe kabari. Wanda ya je da gatari, to akwai gawa a gidansa.

Yanzu bari in gaya muku ɗaya ɓangaren, don kada ku ce Abai ta ɗauki gefe ta rufe ido. Ba mu da ɗan sanda. Caji ofis mafi kusa yana Bakin Gada, kuma hanyar mota a rabi ta tsaya. Idan aka sace maka awaki, sai ka yi haƙuri ko ka ɗauki bindiga. Idan aka kashe mutum, 'yan sanda ba sa hawowa, cewa suke yi a kawo gawar likita ya gani. Sai a ɗora mamaci a gadon igiya, maza su saɓa, a bi hanyar da ake gangara da katako. Malamar makarantar 'yan mata ta gudu. Mata sun daina hawa makiyayar kan dutse sai da namiji mai makami. Gidaje biyu da ke gaba da juna a unguwar masallaci sun huda bangonsu don bakin bindiga, yara suna wasa a tsakani.

Samandar, kai ba ɗan sanda ba ne, ba a taɓa ba ka ko igiyar ɗaure ɓarawo ba. Amma kai ake bugawa ƙofa. Kai ne ka zauna a kan dutse tsakanin gidajen nan biyu tun safe har rana ta faɗi, ka ɗora jakar guduma a cinya, ka ce duk wanda zai harba ya fara da ma'aikacin gwamnati, har suka ji kunya suka shiga. Kai ne kake bin sawun awakin gwauruwa har ƙetaren tsauni ka dawo da rabi, ka ba ta haƙurin rabi. Kuma duk gawar da aka gangara da ita Bakin Gada, kai ne a ƙafar gadon ta gaba, wajen rami, domin kai ka san inda hanya ke cin ƙafa. Ba wanda ya taɓa ce maka sannu a bainar jama'a. Idan ka wuce, cewa ake yi ga mai taurin kan nan.

Bara waccan, lokacin zafi, Rahimdad yana makiyaya da shanun unguwarsu. Shi kaɗai ne namiji a 'ya'yan Samandar, yana da mata da yara ƙanana. Ɓarayi suka ƙetaro tsauni da rana tsaka, ba su ko rufe fuska ba, don me za su rufe? Suka kora shanun. Ya bi su yana kira, ɗaya ya juyo ya harbe shi a ciki. Da aka sauko da shi yana da rai, yana neman ruwa. Uban ya kwance rawaninsa ya ɗaure masa cikin, ya kama ƙafar gadon ta gaba kamar kullum. Gulandama ta bi su ba takalmi har wajen injin niƙa, inda mata ke tsayawa, daga nan ta tsaya tana kallo har suka sha kwana. Waɗanda suka yi ɗaukar sun ce yaron ya daina magana tun kafin su kai inda mota ke tsayawa, amma Samandar bai yarda a ajiye gadon ba, kuma bai yarda a karɓe shi ba har Bakin Gada. 'Yan sanda sun zo bayan an yi sadakar arba'in. Suka ci kaji a gidan Nazim, suka hau doki zuwa makiyaya, suka auna ciyawa da igiyar awo, suka koma. Shanun kuwa kowa ya san kasuwar da aka sayar da su.

Bayan wannan Dilawar ya yi ta sintiri gunduma. Kada ku ɗauka mugu ne. Ɗan taɓa-taɓa ne kamar kowane Nazim, amma a wannan magana da zuciya ɗaya ya yi. A ƙarshe babban ɗan sanda ya ce masa: ku gina ɗakuna, ku ɗauki nauyin itacen wuta da abinci, ni zan turo muku mutane su zauna a Zargal. Sai aka duba daji. Shekarun nan iska ta yi mana ladabi, tsawa ma ta koma wani kwarin. Abin da ya mutu da kansa ba zai rufa ko makewayi ba. Manyan bishiyoyin da ke kusa da hanya, waɗanda mutum uku ba sa rungume ɗaya, duk suna Kurmin Kan Gari, kuma lafiyarsu lau.

Bara da kaka aka kira Samandar gunduma kan maganar ritayarsa, wadda ake fara bi tun da sauran shekara. Yana juya baya dattawa suka yi taro a zauren Nazim. Suka ce tunda matacciya ake saye, sai a taimaka wa wasu su mutu. Ana kwale ɓawon bishiya a zagaye, faɗin tafin hannu, can ƙasa wajen gindi, a rufe da ƙasa da gansakuka. Ba ta faɗuwa, ba ta kuka, sai dai a hankali ganyenta ya koma ja. Mutanenmu suna ce wa abin sa mata munduwa. Kuma don kada wani ya kai ƙarar wani, aka yanke cewa kowane gida bishiya ɗaya. Gidan da bai sa hannu ba, ya fita daga gari: ba gaisuwa, ba makoki, ba aron wuta.

Ni ba su gaya mini ba, sun san bakina, kuma gidana babu namiji da za a tambaya. Amma kwana biyu da abin na je wanki bakin rafi, na tarar kowace mace ta duƙa tana gurzar hannun rigar mijinta da toka, ƙaron ranzara ya ƙi fita. Kananzir, da shi ke cire ƙaro, ya ƙare a shago a yini ɗaya. Na tsuguna kusa da matar mai gishiri na ce mata ashe bana duk mazan Zargal sun koma masassaƙa, sai ta fashe da kuka ta faɗa mini komai.

Gidan Samandar ba namiji sai shi, kuma ba wanda ya isa ya tunkari matarsa da maganar. Ita ta je da kanta. Ta sauko da gatarin Rahimdad daga inda yake rataye, ta hau kurmi da rana kowa yana gani, ta zaɓi babba, ta yi mata munduwa har ta haɗe. Ita ta gaya mini, idonta a bushe. Ta ce doka ta ce mai gawa a gida shi ke shiga kurmin da gatari, to ita tana da gawa.

Da Samandar ya dawo, ba sai an gaya masa ba, ƙamshin ƙaro ya cika gari. Yana iya rubuta ƙara a kwashe mazan Zargal kaf a mota ɗaya. Bai yi ba. Washegari na gan shi yana hawa da buhu a baya. Ya kwaɓa taɓo da kashin shanu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafe raunin, yana naɗewa da tsumma, shi kaɗai, har ƙanƙara ta kore shi. Waɗanda ragwaye suka yi wa munduwa rabi da rabi sun rayu. Sauran, da zafin bana ya shigo, suka yi ja a saman gari kamar an shanya barkono. Da ƙanƙara ta narke ya riƙa goyo ƙananan dashe daga gandun gwamnati yana binnewa a tsakaninsu, yana kewaye su da ƙaya saboda awaki. Gatarin ɗansa ya gan shi a rataye da ƙaro a ƙotarsa. Bai tambaya ba, ita ba ta faɗa ba. Shekara guda ina kasa kunne a bangon nan, ban ji komai ba sai ƙarar cokali.

To, mu koma ɗakin majalisa.

Dilawar ya gaji da tsawa, ya zagayo ya tsuguna kusa da shi, ya sassauta murya. Ya ce an yi kuskure, ya yarda, amma abin da ya mutu ya mutu, ƙin bugawa ba zai mayar musu da ganye ba. A bar su su ruɓe a tsaye a banza, ko a mayar da su bango da rufin da zai tsare rayuka? Na rantse muku, ni kaina a lokacin na ji maganarsa ta shige ni.

Samandar ya ce matacciyar bishiya a tsaye tana riƙe ƙanƙara shekaru, har dashen da ke ƙarƙashinta ya yi ƙwari. Idan aka sare aka ja gumagumai zuwa hanya, an share wa ƙanƙara titi har cikin ɗakunanmu. Ya ce kuma ranar da guduma ta sauka a kan bishiya mai munduwa, baɗi duk bishiyar da ke kwarin nan za ta wayi gari da tata, don ko da yaushe akwai abin da ake bukata.

Sarfaraz ya yi dariya, ya ce a daina wahalar da tsoho. Gobe ba shi ba ne, kuma yaron da zai gaje shi aure yake nema, zai san darajar keken ɗinki.

"Gudumar mai ritaya ba a gadonta," in ji Samandar. "Gunduma ake mayar da ita a goge bakinta. Kafin a ƙera wa sabo tasa, hanya ta rufe." Sai ya dubi Nazim. "Shekara ɗaya na saya muku, Dilawar. Ita kaɗai nake da ita."

"Idan kuma a cikin shekarar aka sake harbe ɗan wani fa?"

"Ku buga mini ƙofa. Kafaɗata ta san hanya."

Kafin in gaya muku yadda zaman ya watse, bari in sauke abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Samandar, na gode. Ban sani ba ko kana da gaskiya a kan komai. Watakila yaron da zai zo baɗi ya buga, a sare, wahalarka ta tashi a banza. Watakila ɓarayi su dawo kafin nan, a sake bin hanyar Bakin Gada da gadon igiya, a tsine maka a kowace kwana. Amma ni tsohuwa ce mai kwana a ƙarƙashin kurmin nan, kuma idan na ji iska tana kaɗa busassun rassansa, na san dalilin da ya sa har yanzu akwai rufi a kaina. Kai ne wanda ya fi kowa a Zargal bukatar ɗan sanda, kai ne wanda aka fi cuta, kuma kai ne ka ƙi saye da abin da ba naka ba. Mai kafaɗar gari, wanda bai kai ƙarar waɗanda suka ci amanarsa ba, bai kuma sa musu hannu ba. Allah ya saka maka, tunda mu ba mu iya ba.

Kai kuma yaron da za a ba sabuwar guduma, ban san ka ba tukuna, amma zan san ka, har da sunan yarinyar da kake nema. Kafin ka ɗaga hannu a kan kowace bishiya, tona gindinta ka duba. Idan ba ka san yadda ake yi ba, gidan Samandar yana jikin nawa.

Ku kuma manya na gunduma, idan wani ya karanta muku wannan: mutanen Zargal ba mugaye ba ne. Kun ce mu zaɓa tsakanin mai tsaron ƙofa da rufin ɗaki, sai muka rikice muka kama cire rufin da hannunmu. Ku turo mana 'yan sandan. Ɗakina yana da faɗi, ni zan koma wajen 'yata, kuma ba za su rasa labarin kowa ba muddin ina raye.

To, a ɗakin majalisa, Samandar na rufe baki sai na ji motsi a gefena. Gulandama ce ta miƙe. Ta janye mayafin daga fuskarta a gaban maza, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta garin nan. Liman ya mayar da idonsa rufi.

"Baban Rahimdad," in ji ta. "Wadda na yi wa munduwa, ka san ta?"

Ya ce ya san ta.

"Ka shafa mata taɓo. Ka naɗe ta da tsumma. Kullum kana hawa duba ta."

Ya ce haka ne.

"Ta rayu?"

Ya girgiza kai.

"Na kashe ta ne don kada wata uwa ta tsaya a bakin injin niƙa tana kallon abin da na kalla. Yanzu ka bar ni da gawa biyu, ba ɗan sanda ko ɗaya."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta, karo na farko da na ga ya dube ta a shekarar nan. Ya ce, a hankali, gidansu ne na farko a ƙarƙashin bishiyar, kuma 'ya'yan Rahimdad a ɗakin baya suke kwana.

Ta tsaya tana kallonsa har na zaci za ta zauna. Na kama gefen mayafinta, ta fizge. Ta ratsa ta tsakiyar maza suna janye ƙafafu, ta ja ƙofar. A waje ƙanƙarar farko ta fara sauka a kan jakunan Sarfaraz. Ta juyo ta ce masa abincinsa yana kan murhu, ya ɗauka ya kai kurmi ya ci da 'yan uwansa bishiyoyi. Ta fita, ta bugo ƙofar da ƙarfin da ya sa ƙurar rufi ta zubo mana cikin shayi.